Murhun Banda Ya Kai Ni Yawunde

Tun a bakin kogin da za mu tsallaka mu shiga Kamaru na fara da-na-sanin tahowa da Yaya Ɗanlami. Mai kwalekwale ya ce kowa ya shiga ya zauna a tsakiya, shi kuwa Yaya ya tsaya yana gyara masa riƙon filafili, wai shi ɗan masunta ne daga Wudil, a bakin ruwa aka yanke masa cibi. Mutumin ba ya jin Hausa sosai, Yaya ba ya jin Fulatanci ko kaɗan, amma suka yi ta musu har rana ta gasa mu.

"Yaya, don Allah ka shigo mu tafi," na ce.

"Habi, ki bari. In na ga ɓarna ba na iya shiru."

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwajen abinci na jami'ar garinmu. Shekaru na yi ina fama da wani murhun kyafe kifi, ina zanawa ina gogewa, mai walda yana yankawa yana liƙewa, har Allah ya sa ya tsaya. Ɓuntun shinkafa yake ci a maimakon itace. Hayaƙin yana zagayawa ta wani bututu ya huce kafin ya taɓa kifin, don haka bandar tana fitowa jajir, ba ta baƙi, kuma mai aikin ba ta wuni tana hawaye. Na yi masa rajista a Abuja na dawo ina murna, sai aka ce mini takardar mallakar da na nema iyakacinta Najeriya. In ina son kariya a waje, shekara ɗaya gare ni daga ranar da na shigar da ta gida, in ta wuce shi ke nan, kowa ya ga dama ya ƙera.

Hanya biyu aka nuna mini. Akwai ta ƙasa da ƙasa, wadda kowa a wurinmu ke kira ta duniya. Akwai kuma ta yanki, ofis ɗaya a Yawunde da takardarsa ke aiki a Nijar da Chadi da Kamaru da Mali da sauran ƙasashen da ke jin Faransanci. Abokiyar aikina Dakta Rifkatu, 'yar Zuru, ta ce ta duniya ce ke ɗaga sunan mutum a jami'a. Fataken kifi kuwa suka ce an riga an fara leƙen murhun ana ɗaukar hotonsa ana turawa Diffa da Damagaram. Ina cikin sauraron wannan da wancan shekarar ta kusa ƙarewa. Yaya ne ya sayar da bijiman da yake kiwo a kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a, ya ce ga kuɗi, amma da sharaɗi: kuɗinsa ba ya tafiya ta waya wurin wanda bai taɓa gani ba. Ƙafarsa ƙafar kuɗinsa.

A Garwa muka fara gane cewa baƙo ko da ido makaho ne. Ɗan canji ya juya mana naira zuwa sefa, abin da muka ɗauko a jaka ya koma abin da zai shige aljihun riga. Yaya ya juya takardun ya sake juyawa, ya ce, "Yanzu bijimaina ke nan?" Daga nan kuma sai shingaye. Duk inda mota ta tsaya, mai kaki zai leƙo ya karɓi takardun kowa, namu su ne na ƙarshen dawowa. Wani ya ce katin rigakafina ya koɗe. Wani ya ce hoton Yaya bai yi kama da shi ba, saboda a hoton ba gemu. Ba na jin abin da suke faɗa, amma yatsun da ake murzawa ba sa buƙatar tafinta.

Abin da ya fi shingayen ba ni haushi shi ne bakin Yaya. Kafin mu yi nisa daga Garwa, babu wanda bai san labarinmu ba a cikin motar. Ya gaya musu ƙanwarsa ce ta ƙirƙiro abin da Bature bai iya ba, ya gaya musu inda za mu, har abin da ya sayar. Na taka masa ƙafa, ya janye ya ci gaba. Na yi tari, ya miƙo mini ruwa.

A kujerar bayanmu akwai wani mutum mai kwat da jakar hannu, yana ƙamshin turare mai tsada. Ya yi mana sallama da Hausa mai ɗan karkacewa, ya ce sunansa Alhaji Umaru, amma a ofis Metir ake ce masa, wato lauya. A shinge na gaba shi ya sauka ya yi magana da masu kaki, aka dawo mana da takardu ba a karɓi komai ba. Gaskiya ni ma a lokacin na gode masa har zuci. Da muka isa Gaundare ya kai mu rumfar mai shayi, ya biya, ya nuna mana masallaci.

"Hajiya," ya ce da ni, "abin da kika yi babba ne. Me za ki yi da takardar yanki? Wa ya san Chadi? Ni aikina ke nan, takardar duniya, hatimi ɗaya, daga Amurka har Sin ba mai taɓa miki abu. Zanen yana nan tare da ke?"

Zanen yana ɗaure a ƙuguna cikin leda, ƙarƙashin zane da hijabi. Na ce yana cikin kaya can ƙasan mota. Ya yi murmushi ya ce ba gaggawa.

Na shiga ɓangaren mata na yi sallah, na ɗan miƙe ƙafafuna da suka kumbura. Da na fito na tarar da Yaya shi kaɗai yana sakace haƙori, fuskarsa sai walƙiya.

"Ina Metir?"

"Ya yi gaba a ƙaramar mota, zai je ya buɗe mana fayil kafin mu iso. Ga katinsa. Na ba shi kafin alƙalami."

Na ce, "Ka ba shi me?"

"Ke dai kin cika zargi. Mutumin da ya sayi shayi da kuɗinsa?"

"Yaya, kai ne ka ce kuɗinka ba ya zuwa wurin wanda ba ka gani ba!"

"To ai shi na gan shi."

Daga Gaundare zuwa Yawunde ban sake ce masa uffan ba. Tafiya ce mai tsawo, ƙasa tana canjawa a ido, bishiyoyi suna ƙara tsayi suna ƙara duhu, jar ƙasa, ruwan sama yana zuwa yana tafiya ba sallama. A wani gari aka tsaya cin abinci, aka kawo mana wani dogon abu a naɗe da ganye, rogo ne da aka tsima. Yaya ya gutsura ya tauna ya tauna, ya dube ni kamar zai yi kuka. Ni ma tuwon dawa da miyar kuka nake gani a idona, amma saboda haushi na cinye nawa tas, har na ɗauki nasa.

Adireshin da ke jikin katin Metir mun same shi washegarin isowarmu. Shagon facin taya ne. Mai shagon ya karɓi katin, ya duba, ya yi dariya, ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa, shi ma ya yi dariya. Da alama ba mu ne na farko ba. Lambar wayar kuwa wata mata ce ke ɗauka tana maimaita magana ɗaya da Faransanci. Yaya ya zauna a kan tsohuwar taya ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na shirya maganganu tun daga Gaundare, masu zafi, na jera su ɗaya bayan ɗaya. Da na ga ƙeyarsa da furfurar da ban san ta yi yawa haka ba, sai na ce, "Tashi mu tafi, ruwa zai sauko."

A Birikitari muka sauka, unguwar Hausawa, inda ƙamshin tsire da kiran sallah suka sa na ji kamar an sassauta mini ɗaurin ƙirji. Wata dattijuwa, Hajiya Asabe, ita ta ba ni ɗaki a gidanta, Yaya ya kwana a shagon ɗanta. A can aka haife ta, ba ta taɓa zuwa Najeriya ba, amma ta ce kakanta daga wajen Utai, kusa da Wudil, ya taso da fataucin goro. Ta zaunar da ni tana tambaya, har yanzu kogin yana cika ya shafe gonaki? Da gaske ne kasuwar shanu ba a ganin ƙarshenta? Ta dama mini kunun gyaɗa da hannunta. Da na ba ta labarin Metir ba ta yi dariya ba, ta ce, "'Yar nan, wanda ya ci na baƙo bai ci riba ba. Sha kununki."

Ɗanta ne ya raka mu babban ofishin. A can aka ce mutumin waje ba ya shigar da takarda da kansa, sai ta hannun wakili mai lasisi, aka ba mu sunayensu. Na farko ya tafi hutu. Na biyu ya bar mu a benci har azahar, sannan sakatariyarsa ta ce mu dawo jibi. Da muka koma jibin, ranar hutun ƙasa ce, ko'ina a rufe, ba wanda ya ga ya dace ya gaya mana. Kwanakin da suka rage mini suna ta zubewa kamar ruwa a kwando, kuɗin abinci da na tasi yana cin abin da Metir ya bari.

Ta uku wata mata ce, Madam Silbi, gajeruwa mai tabarau, ofishinta a saman wani kantin magani. Tana jin Turanci, don haka ni nake fassara wa Yaya. Ta karanta takarduna a tsanake, ta duba zanen, ta tambaye ni abubuwa game da bututun da ko a Abuja ba a tambaye ni ba. Sai Yaya ya ce, "Gaya mata mu ta duniya muke so."

Na gaya mata. Ta cire tabarau ta ce babu wata takarda ɗaya da ke kare abu a duniya duka, ba a taɓa yin ta ba. Hanyar ƙasa da ƙasa, in ji ta, kamun layi ce. Za ta riƙe mini wuri a ƙasashe masu yawa na kimanin shekara biyu da rabi, a bincika a gaya mini ko abin nawa sabo ne. Bayan nan sai in bi ƙasa ƙasa ko yanki yanki, kowanne da kuɗinsa da lauyansa. Ga wanda ke da kamfani a bayansa, ko yake sa ran samun mai zuba jari, hanya ce mai kyau ƙwarai. Ta yanki kuwa takarda ce ta gaske, amma iyakacinta ƙasashensu. Ghana da Yuganda da Kenya suna ƙarƙashin wani ofishin daban can kudancin Afirka. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya daga ofisoshin yankin biyu.

Na fassara. Yaya ya ce, "Ba ta sani ba ne. Metir ya ce hatimi ɗaya."

"Metir mai facin taya?"

Ya kau da kai yana gyara zaman hularsa.

Madam Silbi ta ce abin da ke hannunmu zai iya ɗaya da ƙyar, ba zai iya biyu ba. Ta ce ba za ta zaɓar mini ba, in je in kwana da shi, amma kada in wuce mako.

Gaskiya raina yana ga ta ƙasa da ƙasa. Ina hango sunana a jerin da Dakta Rifkatu ke nuna mini a kwamfuta, ina hango matan bakin manyan tafkunan Yuganda da na karanta labarinsu, ina cewa shekara biyu da rabi ai lokaci ne, wataƙila wani ya zo da kuɗi. Sai wata zuciyar ta ce, wane wani? A shekarar da ta wuce wa ya zo, ban da Yaya da bijimansa?

Hajiya Asabe ta ga na kasa cin abinci, ta ce in taso in raka ta cefane. Ta bi da ni layin masu banda. Buhuna ne jibge daga arewa, daga tafkin Chadi da madatsun ruwan wajen Garwa, kifin baƙi ƙirin, rabi ya karye, wani ya fara tsutsa. Hajiya, wadda ita ma bakinta ba ya riƙe magana, ta ce da wani bafatake, "Wannan 'yar tawa tana da murhun da ba ya ƙona kifi." Na nuna masa hoton bandata a waya. Kafin in ankara an kewaye ni. Wani daga Kusiri, wani daga Diffa, suna karɓar wayar hannu zuwa hannu. Nawa ne? Ana kawowa Injamena? Wani saurayi mai tabon walda a hannu ya ja hoton ya ƙara girmansa, ya ƙura wa bututun ido yana motsa leɓe kamar mai awo. Na fizge wayata.

A hanyar komawa na san abin da zan yi. Wanda zai saya da wanda zai sata duk na gan su yanzu a layi ɗaya, kuma babu ɗayansu da ke zaune a Amurka.

Yaya bai karɓa da sauƙi ba. A ƙofar shago muka yi ta, ruwa yana zuba daga kwano, mutane suna leƙe.

"Na sayar da bijimaina don Nijar? Nijar da nake zuwa da babur?"

"Can ne kifin yake, Yaya. Can ne masu waldar suke."

"Na riga na faɗa a kasuwa. Na ce sunan Habi zai shiga duniya. Lokacin da Baba ya kai ki makaranta, kin san abin da aka riƙa ce masa a bakin kogi? Ke yarinya ce, ni na ji da kunnena. Yanzu in koma in ce musu Chadi?"

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Haushin bai tafi ba, amma ya sami abokin zama. Na ce, "In muka kama layin nan, bayan shekara biyu da rabi me za mu sayar? Gidan?"

Ya dubi ruwan ya ce, "Ƙasa nawa ce ma a cikin ta yankin?"

"Sun haura goma sha biyar."

"To ki daina cewa Nijar da Chadi. Ki riƙa cewa ƙasashe."

Ko da muka yanke shawara, wahala ba ta sallame mu ba. Sunana a fasfo Habiba ne, a takardar Abuja an rubuta Habibatu, sai da aka je wurin mai rantsarwa aka tabbatar ni ce ni. Aka ce ana son kwafin takardar gida mai hatimi, nawa na hoto ne, Madam Silbi ta ce za a iya aikowa daga baya, na yi ta kiran Dakta Rifkatu tana bin mutane a Abuja ta waya. Ranar biya na'urar banki ta tsaya. Da aka gama, abin da aka miƙo mini rasit ne guda mai lamba da kwanan wata, ainihin takardar sai an bincika, wataƙila shekara, wataƙila fiye. Yaya ya karɓa ya juya bayansa ko akwai ƙari. Madam Silbi ta ga yadda muke lissafin kuɗin mota a bakin ƙofarta, ta rage wani abu daga ladanta ba mu roƙa ba. Hajiya Asabe kuma ta ƙi karɓar na ɗaki, ta ce in na koma in je Utai in gaishe mata da duk wanda na gani.

Dawowar ba ta fi tafiyar daɗi ba, sai dai wannan karon Yaya bai gaya wa kowa komai ba har Yola.

Da la'asar muka shiga Wudil, muka wuce gidan Inna, mahaifiyarmu, inda murhuna na farko yake a tsakar gida tana aiki da shi. Tun daga lungu na ji ƙamshin banda ta ko'ina, na ce yau kasuwa ta yi kyau ke nan. Sai na hangi bututu a bayan katangar gidan Ladidi maƙwabciyarmu. Na hangi wani a gidan Gwaggo Mairo. Ga wani can gidan liman. Duk irin nawa, har lanƙwasar.

Inna ta tarbe mu da murna, ta kawo ruwa da fura, aka yi gaisuwa aka tambayi hanya da mutanen can. Na daure har ta gama.

"Inna, bututun me nake gani a gidajen mutane?"

"Au, kin gani? Ladidi ce idonta ya matsa mata, likita ya ce hayaƙi ne. Na kira Sani mai walda ya zo ya auna naki ya yi mata. Da Mairo ta gani ita ma ta ce tana so. Yanzu har daga Achika ana zuwa wurinsa, yaron ya samu abin yi."

"Inna! Abin da muka tafi Yawunde mu hana ke nan!"

"Ku hana wa? Ladidi?"

"Akwai takarda, Inna. Ba a yi sai da izinina. Wanda ya yi, kotu za a kai shi."

Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta gyara ɗaurin kallabinta. "To ai ni na ba da izinin. Sai ki fara da ni. Tunda nake ban taɓa jin an hana maƙwabci ɗiban wuta ba."

Yaya ya kwashe da dariya har fura ta sarƙe shi, yana tari yana nuna ni da ludayi. Na zauna a kan turmi da rasit ɗina na ƙasashe a cikin jaka, ƙafafuna a kumbure, na rasa wanda zan fara yi wa faɗa. Inna ta ɗauko kifi ɗaya mai zafi daga murhu ta ɗora mini a faifai.

"Ci," ta ce. "Gobe da safe ki leƙa gidan liman, nasu yana ɗan yoyon hayaƙi ta gefe. Sanin bai iya lanƙwasar nan kamar ke ba."

Da safen na je na gyara musu.